Yadda Ma'aurata Za Su Warware Saɓani Kan Kulle Ƙofa da Tsaron Gida

Akwai gidaje da yawa a Kano, Zariya, Katsina da Maraɗi inda miji da mata ba su da wata matsala ta ci ko ta sutura, amma da wuya dare ya yi ba su yi cacar baki a kan ƙofa ba. Ita tana so a sa sakata da zarar an idar da sallar isha'i, shi kuwa yana majalisa har ƙarfe 11, sai ya dawo ya tarar da gida a garƙame, ya tsaya yana buga ƙyaure maƙwabta na ji. A wani gidan kuma maigidan ne ke ƙara kwaɗo a kan kwaɗo, yana faɗa duk sa'ad da yaro ya bar ƙofar zaure a buɗe, matar tana ganin ya mai da gidan kurkuku, ya kuma sa matan unguwa suna yi mata kallon mai gudun mutane. Wannan saɓani ya cancanci a zauna a kansa da gaske, domin abin da ke cikinsa ya shafi rai da dukiya da mutunci. Matakan da ke tafe an gina su ne a kan ƙa'ida ɗaya: kulle ya hana na waje shiga, amma kada ya taɓa hana na ciki fita.

Mataki na farko: a gano abin da kowa yake tsoro

Kada a buɗe wannan magana a bakin ƙofa da tsakar dare, lokacin da ɗaya ya taso daga barci ɗaya kuma ya gaji da tsayuwa a waje. A bari sai an samu natsuwa, bayan an ci abinci, yara ba sa kusa. Kowa ya faɗi ainihin abin da yake gudu, ɗayan kuma ya saurara har ya kai aya. Mace tana iya cewa, "Malam, idan ka fita ni kaɗai ce da yara, ko motsin akuya na ji a zaure barci ba ya ɗaukata." Miji yana iya cewa, "Maman yara, idan na tsaya ina bugu a ƙofar gidana kowa na ji, sai in ga kamar an nuna wa unguwa ba ni da ta cewa a gidan." Da an ji waɗannan jumloli biyu za a gane cewa ita tana maganar tsoro ne, shi kuma yana maganar girma, kuma kowanne yana da magani dabam.

A nan ne ya dace a tambayi juna tarihi. Wanda aka taɓa haura wa katanga a gidan iyayensa, ko aka ɗora masa makami a wuya aka karɓe waya, ba zai kalli ƙofa yadda wanda ya tashi a ƙauyen da ake kwana da asabari kawai yake kallonta ba. Kalmomi irin su "tsoro ya yi miki yawa" ko "kai dai ba ka damu da mu ba" su ne ke rufe tattaunawa tun ba ta fara ba, don haka a kiyaye su.

Mataki na biyu: a cire tawakkali daga cikin gardama

Sau da yawa wanda ba ya son kulle yakan ce Allah ne ke tsarewa, ya bar ɗayan yana jin kamar imaninsa ne ya yi rauni. Wannan hujja ba ta tsaya ba. A hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a rufe ƙofofi da dare a ambaci sunan Allah, domin Shaiɗan ba ya buɗe ƙofar da aka rufe, a kuma tsare yara a gida lokacin shigowar duhu, a rufe ƙorai, a kashe fitilu. Tirmizi kuma ya ruwaito amsar da aka ba mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, inda aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Saboda haka mai cewa a kulle yana kan sunna. Abin lura kuma shi ne, koyarwar da ta ce a rufe ƙofa ita ce ta ce kada a bar wuta a gida lokacin barci, wato an haɗa tsoron ɓarawo da tsoron gobara wuri ɗaya, kuma haka ya kamata ma'aurata su haɗa su.

Mataki na uku: a zagaya gidan tare

A kewaya gidan sau biyu, sau ɗaya da rana, sau ɗaya bayan an ɗauke wuta da dare, da tocila a hannu. A duba ƙofar waje da ta zaure da ta kowane ɗaki, a girgiza ƙyaure a ga ko ƙarafan da ke riƙe shi a jikin bango sun yi laushi, domin kwaɗo mai tsada a jikin katakon da gara ta ci ba shi da amfani. A duba katanga, musamman inda bishiya, tarin bulo, tankin ruwa ko rufin banɗaki suka zama matakala, da ɓangaren da ke jingine da kango ko fili. A duba inda ake ajiye tsani da taɓarya da gatari, waɗanda ɓarawo kan tarar a tsakar gida ya yi aiki da su. Mace ta fi kowa sanin yadda gidan yake da rana, wa ke shiga da wa ke leƙe, namiji kuma ya fi sanin abin da ake faɗa a masallaci da majalisa game da satar da aka yi a layin. Idan aka haɗa sanin biyu, yawanci sai a tarar cewa ƙofar da ake ta rigima a kanta ba ita ce mafi rauni a gidan ba.

Mataki na huɗu: a haramta kulle mutum ta waje

Wannan shi ne wurin da babu ciniki. Wasu mazan, idan za su fita kasuwa ko tafiya, sukan ja ƙofa su sa kwaɗo ta waje su tafi da mabuɗi, mata da yara na ciki. Wani yana yi ne da kyakkyawar niyyar tsaro, wani don kishi, wani don kawai haka ya ga ana yi. Ko wace ce niyyar, sakamakon ɗaya ne ranar da tukunyar gas ta kama, ko waya ta yi tartsatsi a rufi, ko naƙuda ta taso, ko yaro ya fara jijjiga saboda zazzaɓi. Maƙwabta za su tsaya a waje suna neman guduma, alhali a gobara hayaƙi ne ke fara kayar da mutum tun kafin harshen wuta ya iso shi, kuma 'yan mintoci sun isa. Ban ga wani uzuri da zai halatta wa mutum ya jefa iyalinsa cikin wannan hali ba. Dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code da ake aiki da ita a jihohin Arewacin Najeriya ma ta ɗauki tsare mutum ba bisa ƙa'ida ba a matsayin laifi. Mijin da yake son matarsa ta riƙa neman izninsa kafin ta fita, hanyar hakan ita ce magana da yarda, kuma kwaɗo ba ya cikinta.

Daga wannan ƙa'ida sauran gyare-gyare suke fitowa. Ƙarafunan taga da ake waldawa don hana ɓarayi sun sha zama sanadin mutuwar iyalai a gobara, don haka a nemi mai walda ya gyara aƙalla taga ɗaya a kowane ɗakin kwana ta zama mai buɗewa ta ciki, a rataye mabuɗinta a ƙusa kusa da ita inda hannun na waje ba zai kai ba. Mabuɗin ƙofar fita ya kasance yana da wuri ɗaya tak da kowane baligi a gidan ya sani, wanda za a iya laluba cikin duhu. A gwada wannan a aikace: a kashe fitila, a ga ko uwargida da babban yaro za su iya buɗe hanya daga ɗaki zuwa titi cikin minti ɗaya. Idan sai an buɗe kwaɗo uku da mabuɗai masu kama da juna, to kullen ya yi yawa, a rage.

Haka nan tsoron sata yakan sa a shigo da abubuwan da suka fi ɓarawo haɗari. Ana shigar da babur cike da fetur cikin falo ko a tare zaure da shi, wanda shi ne kaɗai hanyar fita. Ana kunna janareta a baranda ko a lungun ɗaki don kada a ɗauke shi, a rufe tagogi a kwanta, alhali hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba ta kabon monoksaid wadda ba ta da launi ko wari, tana kashe mutane cikin barci. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu shi ma haka yake yi. Janareta wurinsa waje ne, nesa da taga, a yi masa kejin ƙarfe da sarƙa idan ana gudun sata. Babur kuma a ɗaure shi a gefen da ba zai toshe hanya ba.

Mataki na biyar: a yanke wa kowane lokaci hukuncinsa

Yawancin rigimar tana warwarewa ne idan aka daina maganar kulle a dunƙule aka raba yini kashi-kashi.

Da rana, gidan Bahaushe ba ya rabuwa da masu shiga: 'yan talla, mai ruwa, almajirin da ke wanke-wanke, yaran maƙwabta da aka aiko neman garwashi ko aron turmi, da 'yan'uwan da ba sa sanarwa kafin su zo. Garƙame ƙofa da tsakar rana yana da tsada a wajen mace, domin ita ce za ta zauna da maƙwabtan, kuma su ne za su fara kawo mata ɗauki ranar wuya. Miji ya fahimci wannan. Matsakaicin da ya fi aiki shi ne a bar ƙofar waje a saye, a sa wa ƙofar da ke tsakanin zaure da tsakar gida sakata, yadda baƙo zai tsaya ya yi sallama a amsa masa kafin a buɗe. Wannan ne ma aikin da aka gina zaure dominsa tun asali, kuma aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izni da sallama. Ɗakunan da ke da waya, kuɗi, gwal ko takardu a kulle su ko da mutane na tsakar gida. Idan mai gyaran wuta, mai karanta mita ko wani ma'aikaci zai zo, maigida ya sanar tun da wuri, kuma a amince cewa namijin da ba a san da zuwansa ba zai jira a waje komai takardar da ya nuna.

Da magariba, a ƙirga yara a rufe ƙofa. Wannan bai cika jawo gardama ba.

Dare shi ne babban fagen. A sa lokaci ɗaya da aka yarda da shi, misali ƙarfe 10, wanda bayansa ake kulle gida ko wa ke waje. Matsalar sakata ita ce ba ta buɗuwa ta waje, shi ya sa dole a tashi wani daga barci. Maganin wannan yana wurin kafinta ko mai walda: a sa makulli irin wanda ake buɗewa da mabuɗi ta waje, ta ciki kuma a murɗa shi da hannu. Da shi mace za ta kulle ta kwanta hankali kwance, miji ya buɗe da kansa ba tare da bugu ba, sannan shi da ya shigo ƙarshe ya sa sakata. Ƙa'idar ta zama cewa wanda ya shigo ƙarshe shi ke da alhakin kullewa, ya kuma faɗa da baki cewa ya kulle, don kada kowa ya kwanta yana zaton ɗayan ya yi. Idan miji zai wuce lokaci, ya kira ko ya aika saƙo, kuma idan ya iso ya kira waya maimakon bugu, domin macen da ta saba buɗewa da jin bugu kawai wata rana za ta buɗe wa wanda ba shi ba. Ya dace kuma maigida ya tambayi kansa tsakani da Allah ko hirar da ke kai shi sha biyun dare ta kai darajar fargabar da yake barin iyalinsa a ciki. Ita ma uwargida kada ta mai da sakata bulala, ta ji bugu ta yi shiru don ta rama, domin barin mutum a titi da tsakar dare jefa shi ne cikin haɗarin da take gudu.

Asuba ce aka fi mantawa da ita. Maigida ya fita masallaci ya ja ƙofa kawai, mata da yara na barci, wayoyi na jikin caji, kuma masu ɗauke-ɗauke sun san wannan lokaci sarai. Makullin da aka ambata ya magance wannan ma, tunda zai kulle ta waje ba tare da ya tsare na ciki ba. Inda babu halin sa shi, sai ya tashi wani ya mayar da sakata. A watannin zafi na Maris zuwa Mayu, lokacin da ake kwana a tsakar gida tagogi a buɗe, a kulle ɗakunan da babu kowa, wayoyi kuma kada a bar su a kan tabarma.

Mataki na shida: a ƙirga mabuɗai da masu riƙe su

A rubuta adadin mabuɗan kowace ƙofa da sunan wanda ke riƙe da kowanne. Duk wanda ya tare a gidan haya ya canza makulli a makon farko, domin bai san hannu nawa tsohon mabuɗin ya ratsa ba, haka kuma idan mabuɗi ya ɓata ko mai aiki ya bar aiki cikin rashin jituwa. A daina ɓoye mabuɗi a ƙarƙashin dutse, saman ƙofa ko cikin tsohon takalmi, wuraren da yaran layi duka suka sani. Da ɗan gari akan ci gari, kuma labarin inda ake ajiya yakan fita ne ta bakin na gida, ko da ba da mugun nufi ba. Wannan ya haɗa da maigidan da ke faɗin cinikin da ya yi a majalisa, da uwargidan da ke sa hoton tafiya ko na sabon gwal a WhatsApp da TikTok tun tana kan hanya.

Maganar dangi tana buƙatar lalama. Idan ƙanen miji yana da mabuɗi yana shigowa lokacin da ya ga dama, ko Hajiya mahaifiyar miji ba ta son a kulle ƙofa saboda jikoki da baƙi, mijin ne zai yi magana da su, kada ya bar matarsa ta zama mai baƙin jini. Yana iya cewa, "Hajiya, saboda yanayin gari na ga ya kamata mu riƙa rufewa da wuri, ga naki mabuɗin." Idan danginta ne, ita za ta yi. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya, kowace ta riƙe mabuɗin ɗakinta da na ƙofar fita, domin damƙa wa ɗaya ita kaɗai yana haifar da zargi ranar da wani abu ya ɓata, yana kuma tsare ɗayar ranar da ake neman hanya. A gidan haya na mutane da yawa kuwa, lokacin rufe get sai an zauna da sauran masu haya da mai gidan, kuma a nan ma kowane ɗaki ya samu nasa mabuɗin.

Mataki na bakwai: a jera kashe kuɗi bisa haɗari

Samar da muhalli mai aminci yana cikin nauyin da ke kan miji, amma aljihu yana da iyaka. A fara da mafi arha kuma mafi tasiri: gyaran ƙyaure, makulli mai kyau, taga mai buɗewa, fitilar sola a ƙofar gida da bayan katanga, da usur a kowane ɗakin kwana. Ƙara tsawon katanga, waya mai ƙaya da kyamara su biyo baya idan hali ya samu. Kyamara tana nuna abin da ya faru ne, ba ta tare kowa, kuma ba ta aiki idan babu wuta.

Mataki na takwas: a shirya wa ranar da abin ya faru

A ajiye lambobin maƙwabta biyu, mai unguwa, shugaban 'yan sintiri, ofishin 'yan sanda mafi kusa da na 'yan kwana-kwana a wayar miji da ta mata, a kuma rubuta su a takarda a manna a bango. Lambar gaggawa ta ƙasa a Najeriya ita ce 112. A biya kuɗin sintiri na unguwa a kan lokaci. A amince tun yanzu cewa idan masu makami suka riga suka shigo, ba a jayayya da su a kan dukiya, kuma idan aka ji motsi a tsakar gida, maigida ba zai fita shi kaɗai cikin duhu don nuna jarunta ba, sai dai a kunna fitila, a busa usur, a kira maƙwabta. A yankunan Zamfara, Katsina, Sakkwato da Kaduna da ke fama da 'yan bindiga, inda har gwamnatocin Katsina a 2023 da Zamfara a 2024 suka kafa rundunonin tsaron al'umma, kwaɗo ba ya tare masu zuwa da yawa, don haka abin da ma'aurata za su tsara shi ne ta ina za a fita, wa zai ɗauki wane yaro, da inda za a haɗu idan aka rabu.

Mataki na tara: idan saɓanin ya ƙi ƙarewa

A gwada tsarin na wata ɗaya, sannan a sake zama a gyara abin da bai yi aiki ba. Idan duk da haka ɗaya yana tashi sau da yawa cikin dare yana taɓa sakatar da ya san ya sa, ko barci ya gagare shi tun bayan wani fashi da ya gani, to abin ya koma waswasi ko firgici, kuma yana da magani. A raka shi wurin likita ba tare da gori ba. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware ta jihar Sakkwato da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen da ke duba irin wannan.

Idan kuwa ya bayyana cewa ana amfani da kulle ne don zargi, ko don hana mace zuwa asibiti da ganin iyayenta, ko don hukunta miji, to gyaran makulli ba zai wadatar ba. A bi abin da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, a kira mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga danginta, waɗanda aka san su da adalci da riƙe sirri. Idan hakan bai yiwu ba, a je wurin limamin unguwa, ko mai unguwa, ko ofishin Hisbah a jihohin da take aiki. Macen da ake kulle ta ta waje kada ta jira zaman sulhu kafin ta sanar da waliyyinta da maƙwabciya ɗaya amintacciya, kuma sharaɗin farko da masu sulhu za su tabbatar kafin su tashi shi ne an damƙa mata mabuɗin ƙofar fita a hannunta a gabansu.